Murhuna mai fanka yana mutuwa a tsakiyar girki, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garin Malam nake rubuto maka, nan Damagaram. Ƙanena ne ya kawo mini murhu mai fanka, irin wanda ake zuba wa ƴan curin garin katako, yana da batiri da ƙaramin allon sola. Watannin farko ya yi mini aiki lafiya lau. Yanzu kuwa da na ɗora tukunya, ba a minti 10 sai wuta ta mutu, farin hayaƙi ya turnuƙe gida. In na ƙara curi sai abin ya ƙara lalacewa. Buhun curin tun damina na saye shi. Murhun ne ya mutu ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da wuya a ce murhun ya mutu, kuma kada ki ga laifin kanki, domin irin wannan murhu ana yawan miƙa wa mutane shi ba tare da an yi musu bayanin yadda wutarsa take ci ba. Ba kamar murhun duwatsu uku yake ba. Ana kunna shi daga sama, wutar tana gangarowa ƙasa a hankali tana gasa curin, curin yana fitar da hayaƙi. Iskar fanka ta kasu biyu: kaɗan tana shiga ta ƙananan hudojin gindi don garwashin ya ci gaba da ci, mafi yawa kuma tana fitowa ta hudojin da suka kewaye bakin murhun, a nan take haɗuwa da hayaƙin ya kama. Harshen wutar da ke lasar gindin tukunyarki hayaƙi ne yake ci. Farin hayaƙin da ya cika miki gida kuwa makamashinki ne yake tafiya a banza, don bai samu iska ko zafin da zai kama ba.

Buhun nan da kika saya tun damina shi na fi zargi. Ana yin curin ne da matsi da zafi, wani danƙo da ke jikin itacen kansa ya narke ya haɗe garin, shi ya sa sabon curi yake da santsi da ƙyalli. Kaurinsa galibi milimita 6 ne ko 8, danshin cikinsa kuma bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. To a watan Agusta, in buhu yana zaune a kan siminti ko ya jingina da bangon ƙasa, curin yana shan raɓa ya kumbura. Za ki ce ai yanzu hunturu ne, komai ya bushe ƙayau. Gaskiya ne ya bushe, amma curin da ya taɓa kumbura ba ya komawa yadda yake. Ya riga ya saki, yana marmashewa. Wannan garin shi ke cike ƴan kafofin da ke tsakanin curi da curi, iska ta ƙasa ta rasa hanyar hawa, garwashi ya huce, hayaƙin ya yi sanyi da nauyi, harshen wuta ya ɗauke.

Ki zura hannu can ƙasan buhun ki ɗebo. Curi mai kyau in kin karya shi za ki ji ɗan ƙas, kamar busasshen ƙuli-ƙuli, kuma tafin hannunki ba zai yi fari ba. In kin jefa shi a kofin ruwa zai nutse kafin ya jiƙe. Wanda ya lalace kuwa jikinsa ya dishe, ya tsattsage, kina murza shi da yatsu biyu ya zama dusa. In haka kika gani, kada ki zubar da buhun. Ki tankaɗe shi da rariya mai manyan ido, ki yi girki da wanda ya tsaya a sama. Buhu na gaba ki ɗora shi a kan katako ko bulo, ki ɗaure bakinsa da leda a ciki.

Sai maganar ƙara curi da kika yi. Wannan kam ki daina, don Allah. Tunda wutar daga sama take, duk abin da kika zuba a kanta kin binne ta ne, kamar kin kifa mata ƙasa. Ana auna curin tun farko gwargwadon girkin, na shayi daban, na wake daban, kuma kada ya kai ga hudojin sama, a bar su a buɗe. In ya ƙare kafin abinci ya nuna, a sauke tukunya, a juye garwashin a kasko, a sake zubi a sake kunnawa. Wajen kunnawar ma a yi haƙuri har sai duk fuskar curin ta kama, ba gefe ɗaya ba, fanka tana juyi a hankali, sannan a ɗora tukunya a ƙara mata ƙarfi. Gaggawar ɗora tukunya tana kashe wuta da yawa.

Ban san ko curin naki na katako ne zalla ba. In da ɓawon gyaɗa a ciki, irin wanda ba a rasawa a wajajen Matamaye da Magarya, to tokarsa ta ninka ta katako sau da yawa, ga yashin gona da ke maƙale da ɓawon. Zafi yana narkar da su su dunƙule su yi tauri kamar kashin maƙera, su liƙe hudojin gindi. Na sha juye irin wannan murhu in tarar da rabin hudojin sun toshe, mai shi kuma tana rantsuwa kullum tana zubar da toka. Zubarwa kawai ba ta isa. Bayan ya huce ki ciro tukunyar wutar, wato inda ake zuba curin, ki ɗaga ta saitin rana, duk hudar da haske bai ratsa ba ki soke ta da ƙusa.

Yanzu ki kasa kunne ga fankar, murhu babu wuta. Ƙararta ɗaya ce daram, ko tana raguwa bayan ƴan mintoci? In tana raguwa, batiri ne. A wannan hazo allon sola yana yin kwana biyu ƙura ta rufe shi, ya yini a rana bai tara abin kirki ba, sai a riƙa goge shi kowace safiya. Ki gwada cika batirin da kuran, wato wutar lantarki, sau ɗaya ki gani ko za a samu bambanci. Zafin Afrilu da Mayu a garin nan, da ke haura digiri 40, yana tsufar da batiri da wuri, shi ya sa allon ne kaɗai ya kamata ya sha rana, murhun ya zauna a inuwa. Ƙurar da ta daskare a fikafikan fankar kuma tsohon buroshin haƙori da famfon keke sun isa, ban da ruwa.

Iskar hunturu kan hure harshen wutar, musamman da safe, guntun kwano a gefen da take kaɗowa ya wadatar. Ki kuma duba ƙafafun da tukunya ke zama a kai, in sun lanƙwashe babbar tukunya za ta danne bakin murhun ta shaƙe shi.

Akwai abu biyu da nake roƙon ki a kansu. In wuta ta mutu yana hayaƙi, kada kowa ya zuba kananzir, balle fetur, kuma kada ki leƙa da fuskarki, domin hayaƙin nan yana iya kamawa bagatatan. Ki sauke tukunya, ki miƙa masa wuta da dogon kara daga gefe, yawanci nan take zai tashi. Na biyu, sanyin Disamba da Janairu kada ya sa a shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Garwashin da ke ci ba harshe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya ma jin zuwanta. Yara sun fi saurin galabaita. In wani ya fara jin haka a fitar da shi waje, a kai shi asibiti.

In kin tankaɗe curin, kin buɗe hudoji, batiri ya cika, fanka kuma tana tsayawa da kanta, to waya ce ta saki ko makunnin ya ci. Masu gyaran rediyo da salula a kasuwar Dole za su iya auna miki shi, kuma in za a canza batirin a sa mai ƙarfi daidai da na asali. Ki sake rubuto mini ki faɗa mini abin da kika tarar a ƙasan buhun.