Kawu ya ce a kai shi gidan mari

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ƙanena ne, shekarunsa 23, kusan wata uku ke nan ba ya barcin kirki. Yana magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta na bibiyarsa, har abincin Umma ya daina ci, wai an sa masa wani abu. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, shiru. Yanzu Kawu ya ce a kai shi gidan mari, don maganin asibiti mayar da mutum dolo yake yi. Ya zan yi? Daga wata ƙanwarki a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri da kika tsaya masa.

Kada a kai shi gidan mari. Yaron da ya riga ya yarda ana farautarsa, in nasa suka kama shi suka sa masa sarƙa, sun tabbatar masa da abin da yake tsoro ke nan. Ba mu manta da Rigasa ba, inda 'yan sandan Kaduna suka buɗe wani gida a watan Satumba na 2019, suka fito da mutane kusan 300, wasu da mari a ƙafa, jiki duk tabon bulala. Yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana azabtar da mai wannan lalura, har da ɗaure shi da sarƙa. Aiwatar da ita ne har yau ake jan ƙafa, abin kuma yana ci mini rai.

Alamomin da kika lissafa sanannu ne a wurinmu ma'aikatan jinya, amma ba a yanke wa ciwo suna ta wasiƙa. Yana iya zama ciwon da ke fara kama matasa daidai wannan shekaru, yana iya zama wiwi ko ƙwaya, wani lokaci ma zazzaɓi mai zafi ko farfaɗiya ne a ƙasa. Ku kai shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Wanda ya fi sanin yadda abin ya faro shi zai raka shi, kuma kada a ɓoye wa likita komai saboda kunya.

Tsoron Kawu yana da tushe, kada ki raina shi. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol kan sandarar da jiki, hannu ya riƙa rawa, miyau na zuba. Wanda ya taɓa ganin haka dole ya tsorata. Sai dai wannan alama ce ta a koma wurin likita, ya rage yawan maganin, ko ya haɗa da wani mai warware jiki, ko ya sauya zuwa irin su risperidone ko olanzapine. Su ma da nasu: sukan sa ƙiba da yawan barci. Sauƙi kan ɗauki makonni kafin ya bayyana, kuma inda aka fi samun matsala shi ne a ga ya warware a jefar da magani. In haɗiyar ƙwaya ta gagara, akwai allurar da ake yi wata-wata.

Addu'a kuwa a ci gaba da ita, babu likitan da zai hana. Duka da sunan korar aljani ne ban yarda da shi ba.

Kada ki yi sa-in-sa da Kawu a gaban mutane. Ki samu Umma, ku nemi wanda Kawu yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani babba a dangi, a roƙe shi ya ba asibiti wata biyu. In kuwa yaron ya fara maganar mutuwa, ko ya daina shan ko ruwa, a ranar za a tafi da shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki kafin mota ta zo.