Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Ɗan Kaduna da Karatun Teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digiri na farko a fannin nazarin labarin ƙasa, kuma na yi hidimar ƙasa a Jihar Ondo, inda na ga yadda teku ke cinye gidajen mutane a garin Ayetoro. Tun daga lokacin nake son yin digiri na biyu a kan kula da muhallin teku da gaɓarsa, sai dai 'yan uwa suna cewa ɓata lokaci ne ga wanda garinsu ke nesa da teku. Shin akwai aikin yi a wannan fanni, kuma a ina ake karanta shi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu zo kan makarantu, ya kamata ka san cewa nisan da 'yan uwanka suke magana a kai bai kai yadda suke zato ba. Kogin Kaduna da ya ratsa garinku yana zuba a Kogin Neja, shi kuwa Neja a Tekun Atlantika yake ƙarewa, kuma ba ruwa kaɗai yake kaiwa can ba, har da yashi da laka waɗanda su ne suke gina gaɓa, suna mayar mata da abin da igiyar ruwa ta kwashe. Da aka gina madatsar Kainji a 1968, aka biyo da ta Jebba, sannan ta Shiroro a kan Kogin Kaduna kansa, wani kaso na wannan yashi ya riƙa kwantawa a bayan madatsun maimakon ya isa Neja Delta. Haka abin ya faru a Ghana, inda zaizayar gaɓa a garin Keta ta tsananta bayan kammala madatsar Akosombo a 1965. Saboda haka wanda ya fahimci koguna da yadda ake amfani da ƙasa a Arewa ya riga ya riƙe wani sashe na wannan ilimi.

Karatun ya rabu gida biyu, kuma a nan ɗalibai da yawa suke yin kuskuren zaɓi. Akwai ɓangaren kimiyya zalla, wanda ke nazarin sinadaran ruwa da motsinsa da rayuwar kifaye, kuma yana buƙatar tushe mai ƙarfi a ilimin halittu ko sinadarai. Akwai kuma ɓangaren gudanarwa, wanda ya ƙunshi tsara amfani da gaɓa, da tantance illar da manyan ayyuka za su yi wa muhalli, da dokoki irin su yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 a kan dokar teku, wadda ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon cin moriyar albarkatun ruwa har zuwa mil 200 na teku. A ganina wannan na biyun ne ya fi dacewa da kai, musamman idan ka iya haɗa taswira a kwamfuta daga hotunan tauraron ɗan'adam, domin da su ake auna yawan ƙasar da teku ya ci daga shekara zuwa shekara.

A cikin gida ka duba Jami'ar Legas, wadda ke da sashen kimiyyar teku, da Jami'ar Kalaba mai cibiyar nazarin teku, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. A Ghana, Jami'ar Cape Coast tana da cibiyar kula da gaɓar teku da Bankin Duniya ya tallafa wa, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka. Ita kuwa Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya da ke Malmo a Suwidin, wadda hukumar sufurin teku ta duniya ta kafa a 1983, ta fi karkata ga waɗanda suka riga suka fara aiki a fannin, don haka ka ajiye ta zuwa gaba. Duk inda za ka nema, kada sunan digirin ya ruɗe ka. Ka bincika ko ana fita da ɗalibai zuwa gaɓa, ko akwai ɗakin gwaji mai aiki, da kuma irin binciken da malamin da zai duba aikinka ya wallafa.

Batun aiki kuwa, gaskiya ita ce guraben gwamnati ba su da yawa, ko da yake Najeriya tana da gaɓa mai tsawon kusan kilomita 853, kuma a 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku da tattalin arzikinsa. Akwai hukumar NIMASA mai kula da sufurin jiragen ruwa da kiyaye lafiyarsu a teku, da NOSDRA mai sa ido kan malalar mai, da cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas, amma masu nema sun fi kujerun yawa. Mafi yawan masu wannan digiri suna samun abin yi ne a kamfanonin tantance illar ayyuka ga muhalli, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da koyarwa. Aikin kansa ba ƙarami ba ne, tunda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce farfaɗo da yankin Ogoni daga gurɓatar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ka kuma shirya zama da masunta da sarakunan ƙauyuka, domin rabin aikin sasanta mutane ne, kuma Turancin buroka zai yi maka amfani a can fiye da na aji.

Idan kuma ka dawo gida bayan karatun, abin da ka koya na auna ruwa da daidaita buƙatun masunta da manoma da makiyaya zai yi aiki a dausayin Haɗejiya da Nguru da kuma Tafkin Chadi. Tun yanzu ka fara tunanin taken bincikenka, kuma tasirin madatsar Shiroro a kan yashin da ke gangarawa zuwa Neja take ne da za ka iya soma tattara bayanansa ba tare da ka yi nisa da Kaduna ba.