Tambaya da Amsa: Yaushe ake samun furannin daji a duwatsun Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce. A watan Agustan bara mun hau dutse da 'yan uwana don ganin furanni, amma ban da dogayen ciyayi da santsi ba abin da muka tarar. Wane lokaci ya dace, kuma me za mu tanada? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kun makara ne. Mutane na ɗauka cewa da marka ake samun fure, alhali a lokacin gamba da sauran ciyayi sun riga sun rufe komai. Furannin da suka fi ɗaukar ido masu saiwa ne irin ta albasa ko ta citta. Suna ajiye abinci a ƙasa duk rani, da ruwan farko ya sauka sai su yi maza su fito kafin ciyawa ta tare musu rana. Saboda haka ki sa ranar tafiya tsakanin Mayu da tsakiyar Yuni. A kudancin jihar, wajen Kagoro da Kafanchan, ruwa kan riga sauka, shi ya sa furen can ke riga na Dutsen Kufena a Zariya.

Ki fara neman takalmin zomo. Ba shi da kara a sama: ganye huɗu ne masu kauri shimfiɗe a ƙasa, fure rawaya a tsakiya. Shi ne furen ƙasa na Najeriya, wanda ke ƙarƙashin dawakan nan na tambarin ƙasa, ko da yake a tambarin ja ake zana shi. Yana son inuwar bishiya da lungun duwatsu inda ƙasa ta taru. A fadama da bakin rafi kuwa akwai albasar kwaɗi, farin fure mai jan zane. Damina ta ɗan yi nisa sai baurere ya fito, yana hawa kan ciyayi da ƙugiyar da ke bakin ganyensa, furensa ja da rawaya a lanƙwashe kamar harshen wuta. Wannan a kalla kawai. Duk jikinsa dafi ne, musamman saiwar, don haka a ja wa yara kunne.

Kada a tsinka, kada a tona. Wanda aka tono yana cikin fure da wuya ya rayu a tukunya, kuma an raba wurin da shi ke nan. Hoto ya isa, na safe ya fi kyau, kafin rana ta sa furen yaushi.

Batun shiri: ku fara hawa bayan sallar asuba, ku sauko kafin azahar, domin hadari ya fi haɗuwa da yamma. Kowa ya riƙe ruwa lita 2, ya sa dogon wando da safa da takalmi mai gwaɓin roba, ban da silifa. Dutsen da ya jiƙe ko ya yi gansakuka a saukowa ya fi kayar da mutum, sai a riƙa sauka a karkace da sanda. In aka ga walƙiya kuma tsawa ta biyo kafin a ƙirga daƙiƙa 30, a bar kan dutse da gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Tambaya: Macizai fa? Daga wani mai karatu a Kawo.

Amsa: Malam, damina lokacinsu ne. Kasa ba ta gudu, kwanciya take yi a hanya, kububuwa kuma tana ɓuya a ƙarƙashin dutse. Kada ka cusa hannu inda idonka bai gani ba. In an yi sara, ba a ɗaure da tsumma, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Kafin duk wannan, ka je wajen mai unguwar garin ka gabatar da kanka, ka nemi ɗan jagora daga maharba ko manoman wurin. Su suka san hanyar da ke lafiya a wannan makon, kuma in suka ce kada a hau, a haƙura.