Sanyin ƙafa a farautar hunturu

Ɗan'uwa, ka ce kuna kwana daji wajen Tanut a watan Janairu, kafin asuba yatsun ƙafarka sun mutu duk da safa biyu da kake sawa. Ina zargin safar ce ma ke cutar ka.

Gumin da ka tara da rana shi ke zama sanyi da dare. Safar auduga tana riƙe laima, ta ulu kuwa ko ta jiƙe tana ɗumi. Ka nemi ta ulu a gwanjon kasuwar Dole ta Damagaram, ka ware guda ta kwana kawai, busasshiya, cikin leda. Da magariba ka cire ta yini, ka goge tsakanin yatsu, ka shafa man kaɗanya saboda faso.

Takalmi kuma kada ya matse. In ka cusa safa biyu har yatsu ba sa motsi, jini ba ya zagayawa.

Rairayin Damargu, wato yankin Tanut ɗin, yana hucewa da wuri bayan faɗuwar rana, don haka ka shimfiɗa buzu ko tabarma. Don Allah kada ka miƙa ƙafar da ta sandare bakin wuta. Na ga wanda ya ƙone dunduniya bai ji ba. Ka ɗumama ta da hannu tukuna.