Tun Da Mijina Ya Rasu Na Kasa Yin Addu'a

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Na daɗe ina so in rubuto miki, amma duk sa'ad da na fara sai hawaye su hana ni. Wata 8 ke nan da rasuwar mijina, bayan mun yi shekara 12 da aure, ya bar ni da yara biyu. Ciwon ya soma ne kamar zazzaɓi, shi ya ce ba komai, ni ma na biye masa, har muka yi kwana uku a gida kafin mu je asibiti. Bayan kwana biyar a can ya cika. A kwanakin nan na yi azumi da addu'a, 'yan'uwa a ikkilisiya sun taya ni, kuma na gaskata da dukan zuciyata cewa zai warke.

Tun daga ranar bakina ya mutu a gaban Allah. In na durƙusa, ba abin da ke fitowa sai tambaya guda: me ya sa? Ina zuwa sujada saboda yara, amma da an soma waƙa sai in ji kamar in fita. Mutane suna cewa in daina kuka, wai mai bi ba ya baƙin ciki irin na marasa bege, wata ma ta ce hawayena sun nuna ban yarda da nufin Allah ba. Da dare kuwa ina ta tunanin cewa jinkirina ne ya kashe shi. Ga ƙaramin ɗana, mai shekara 5, kullum yana tambayata yaushe babansa zai dawo. Mama, shin bangaskiyata ce ta mutu tare da mijina?

'Yarki mai makoki

'Yata, sannu da wannan babban rashi. Allah ya ta'azantar da ke, ya raya yaran da ya bari.

Bari in fara da ayar da ake jifan ki da ita, domin rabinta kawai aka karanta miki. A 1 Tasalonikawa 4:13 manzo Bulus bai hana baƙin ciki ba. Abin da ya ce shi ne kada baƙin cikinmu ya zama irin na waɗanda ba su da bege, kuma a aya ta 14 ya kawo dalili: Yesu ya mutu ya kuma tashi, saboda haka Allah zai kawo waɗanda suka yi barci cikinsa tare da shi. Ibrahim, uban masu bangaskiya, ya yi kuka a kan Saratu. Isra'ilawa sun yi kwana 30 suna makokin Musa. Waɗanda suka binne Istifanus, Ayyukan Manzanni 8:2 ta kira su masu tsoron Allah, ta kuma ce sun yi masa makoki mai tsanani. Wadda ta ce hawayenki rashin yarda ne ta yi kuskure, ko da nufinta alheri ne.

Ina so ki zauna da Yohanna sura 11 a wannan mako, ki karanta ta a hankali, gama labarinki yana ciki. Marta da Maryamu sun aika wa Yesu saƙo cewa ɗan'uwansu Li'azaru ba shi da lafiya, kamar yadda ke ma kika kai masa kukanki. Yesu ya ƙara kwana biyu a inda yake, kuma kafin ya iso Betanya mamacin ya yi kwana huɗu a kabari. Su biyun, kowacce a lokacinta, sun faɗa masa magana ɗaya: da kana nan, da ɗan'uwana bai mutu ba. Wannan ƙorafi ne, kuma a gaban idonsa suka yi shi. Bai tsawata wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Marta ya ba ta alkawari, ya ce shi ne tashin matattu da rai, wanda ya gaskata da shi ko ya mutu zai rayu. Da ya ga Maryamu tana kuka kuwa, shi ma sai ya yi kuka, alhali ya san ba da jimawa ba zai kira Li'azaru ya fito. Mutanen da ke wurin ba su ce bangaskiyarsa ta raunana ba, cewa suka yi a dubi irin ƙaunar da yake masa.

Kin ce kin kasa addu'a, amma ni a ganina ba ki daina ba. Tambayar nan ta me ya sa, ga wa kike yin ta? Wanda ya daina gaskatawa ba ya durƙusawa ya nemi amsa. Da ita Zabura 22 ta buɗe, kuma da ita Ubangiji kansa ya yi kira a kan gicciye. Zabura 13 tana tambaya har yaushe, Zabura 88 ma ta ƙare ne cikin duhu ba tare da wata kalmar murna ba, duk da haka Allah ya bar su a cikin Littafinsa domin ranaku irin naki. In kalmomi sun ƙi zuwa, ki karanta ɗaya daga cikinsu da murya, ko ki zauna shiru, domin Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ya fi ƙarfin furtawa.

Game da kwana ukun nan, abin da kika sani yau ba ki san shi a ranar ba. Kin ga zazzaɓi, kin kuma yarda da maganar mijinki, kamar yadda mai ƙauna zai yi. In zuciyarki ta nace da tuhuma, ki kai ta gaban Allah sau ɗaya da sunanta, ki riƙe 1 Yohanna 3:20, wadda ta ce ko zuciyarmu ta hukunta mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome.

Begenki bai dogara ga yadda kike ji a sujada ba, ya dogara ne ga kabarin Yesu da aka tarar babu kowa a ciki. Bulus ya ce a Filibiyawa 1:23 rabuwa da jiki a kasance tare da Almasihu ya fi kyau nesa, kuma wannan shi ne rabon mijinki tun da ya mutu cikin bangaskiya. Da wannan za ki amsa wa ɗanki, amma ki faɗa masa gaskiya a fili: babansa ya mutu, ba zai dawo gida ba, yana wurin Yesu, kuma za a sake saduwa a ranar tashin matattu. Kada ki ce ya yi tafiya ko yana barci, domin yaro mai shekara 5 zai ci gaba da jira a ƙofa, ko ya soma tsoron kwanciya. Zai sake tambaya sau da yawa, ki sake amsawa, kuma ba laifi ya ga hawayenki.

Ki nemi mutum guda a ikkilisiya, zai fi kyau gwauruwar da ta riga ki shiga wannan hali, wadda za ta iya zama da ke ba tare da wa'azi ba, yadda abokan Ayuba suka zauna da shi kwana bakwai shiru kafin su ɓata ta'aziyyarsu da yawan magana. Ki gaya wa fastonku abin da kika gaya mini. In kuma barci da abinci sun gagare ki makonni a jere, ko kika ji kina sha'awar mutuwa, ki ga likita ba tare da ɓata lokaci ba. Ki sake rubuto mini bayan kin karanta surar nan, ina so in ji yadda kike da yaran.