Idan matuƙi ya ce "TCAS RA", kama bakinka

Ɗana, tambayarka ita ce: jirage biyu sun nufi juna, na'urar hana karo ta cikin jirgi, wato TCAS, ta ce wa matuƙi ya hau, kai kuma mai ba jirage hanya kana kallon rada ka ga sauka ce mafita, to maganar wa zai bi? Ta na'urar zai bi. Kai kuma da zarar ka ji ya ce "TCAS RA" a rediyo, wato na'urar ta ba shi umarnin kauce wa karo, ka amsa ka ji, ka yi shiru. Kada ka ce ya hau, kada ka ce ya sauka, har sai ya faɗa maka da bakinsa cewa ya fita daga haɗarin.

Na san abin yana da ciwo ga wanda aka koya wa ba da umarni. Amma duba yadda take aiki. TCAS ɗin wannan jirgi tana tambayar na'urar wancan: ina kake, ƙafa nawa kake? Saura kamar daƙiƙa 40 su haɗu sai ta ja kunnen matuƙi. In abin bai gyaru ba, saura rabin minti ko ƙasa da haka, sai na'urorin biyu su daidaita tsakaninsu, wannan ya hau, wancan ya sauka. Kai ba ka cikin wannan shawara, ba ka ji abin da aka faɗa a gaban matuƙi ba, kuma hoton da ke allonka ya riga ya tsufa da 'yan daƙiƙu. Kana iya tura shi daidai inda ɗayan ya nufa.

Haka aka yi a Überlingen, kudancin Jamus, daren 1 ga Yuli 2002. Tupolev na Bashkirian Airlines da Boeing 757 na DHL duk suna ƙafa 36,000. Mai ba da hanya a Zurich shi kaɗai ne a kan kujeru biyu, ana gyaran na'urori, babban layin wayarsa ba ya aiki. Ya farga a makare, ya ce wa Tupolev ya sauka. TCAS ta ce ya hau. Matuƙan suka bi mutum. DHL kuwa ya bi na'urarsa, ya sauka. Mutum 71 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makaranta. Allah ya kiyaye. Bayan wannan ne ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta fito ƙarara ta ce umarnin TCAS yana gaba da namu.

To amma kada ka ɗauka an sauke maka kaya. Ranar da TCAS ta yi magana a yankinka, tazarar da aka ba ka amana ta riga ta lalace ko tana gab da lalacewa: ƙafa 1,000 sama da ƙasa, ko mil 5 na teku a rada. Aikinka na can baya, minti biyar ko goma kafin nan, kuma yawancinsa da kunne ake yi.

Labarin Japan ya fi shafarka, don ɗan koyo ne a kujera. A 31 ga Janairu 2001, jiragen Japan Airlines biyu, lamba 907 da 958, suka tunkari juna. Ɗan koyon ya yi nufin sauke 958, bakinsa ya ce 907. Mai sa masa ido ba ta kama kuskuren a lokacin ba, da ta zo gyarawa ita ma sai ta kira 957, lambar da babu ita a sararin. Jiragen biyu suka sauka tare. Da ƙyar kyaftin ɗin 907 ya tsunduma ya wuce ta ƙarƙashin ɗayan, mutane kusan 100 suka ji rauni, alhali sama da 600 ne a cikin jiragen. Shi ya sa nake tsaye a bayanka da abin sauraro a kunne, ba don na raina ka ba.

Na lura da kai a wajen maimaitawa. Ka ba da tsayi, matuƙi yana maimaita maka, idonka ya riga ya koma kan jirgi na gaba. Wannan ɗabi'a ce ta karen mota a tashar Nima, yana karɓar kuɗin wannan yana kiran wancan. A nan ba ta yi. Ka saurari lambar jirgin, ka saurari tsayin, ka kwatanta da abin da ka rubuta. In ka ce 110 ya ce 100, gyara shi nan take, ko da kyaftin ne mai furfura. In jirage biyu masu lamba kusan iri ɗaya suna hannunka, faɗa musu duka biyun tun da wuri.

Sararinmu na Accra mararraba ce. Masu bin gaɓar teku tsakanin Legas da Abijan suna gilma wa masu tafiya arewa da kudu, ga na Kumasi da Tamale suna hawa da sauka ta tsakiyarsu. Kuma in hazo ya sauko a Disamba da Janairu, kada ka sa rai matuƙi zai hango ɗan'uwansa ta gilashi.

In ta faru a hannunka, bari a karɓe ka daga kujera, ka sha ruwa, ka rubuta rahoto kafin ka tafi gida. Rubuta lokaci, tsayi, da ainihin kalmomin da ka faɗa, ba waɗanda ka so faɗa ba, don za a saurari faifan.