Ramuwar salla da azumi ga wanda ya farfaɗo daga doguwar suma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya yi hatsarin babur saura kwana biyar a fara azumi, kansa ya bugu da kwalta. Kwana 23 ya yi bai san inda yake ba. Yau wata biyar ke nan, yana gane mu, yana magana kaɗan-kaɗan, amma hannunsa da ƙafarsa na dama babu ƙarfi, kuma in ya ta da salla sai lissafin raka'a ya ɓace masa. Yakan yi kuka ya ce bashin salla ya yi masa katutu. Yayansa ya ce sai ya rama duka, kuma a daina kai shi gashin ƙashi a asibiti a koma ruƙiyya, tunda halinsa ya canza. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya saka miki da wannan jinya.

Ki je ki gaya masa yau ɗin nan cewa babu ramuwar salla a kansa ta kwanakin da ya yi a sume. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Nafi'u cewa Abdullahi ɗan Umar ya suma har hankalinsa ya gushe, kuma bai rama salla ba. A kan haka Ibn Abi Zaid ya tafi a Risala: wanda ya suma ba ya rama abin da lokacinsa ya fita yana sume, sai sallar da ya farfaɗo a cikin lokacinta gwargwadon samun raka'a ɗaya. Shafi'iyya ma haka suka ce. Hanafiyya sun ɗauke ramuwa idan sallolin sun haura biyar. Hanbaliyya ne suka ce a rama duka, don haka maganar yayansa tana da asali, sai dai maganar jamhuru, wato mafi yawan malamai, ta fi ƙarfi a wurina, musamman a suman da ya kai makonni.

Akwai abin da masu jinya suka sani wanda ba kowa ke lura da shi ba. Mai buguwar ƙwaƙwalwa ba ya farkawa tangaram kamar mai barci. Yakan buɗe ido, ya karɓi kunu a cokali, amma bai san dare ba bai san rana ba, ya kira matarsa da sunan ƙanwarsa. Waɗannan kwanaki ma hukuncinsu na wanda hankalinsa ya gushe ne. Salla ta dawo kansa daga ranar da ya fara sanin mece ce salla, yana iya ƙulla niyya.

Yanzu ya yi ta yadda ya samu iko. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini, kamar yadda Buhari ya ruwaito, ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ki zuba masa ruwan alwala, ki cuɗa masa gaɓar da hannunsa bai kai ba. In ruwan zai cutar da shi, ya yi taimama. Batun mantuwa kuwa, Risala ta ce wanda shakka ta zame masa jiki ya kau da kai daga gare ta, ya yi sujada ba'adi, ba sai ya yi ta maimaitawa ba. Mafi sauƙi shi ne ya bi liman a gida. Yayan nasa da ya damu da sallarsa, ga aikin lada: ya riƙa zuwa yana jan shi.

Azumi daban ne. Zai rama kwanakin Ramadan da suka wuce shi, saboda aya ta 185 a Suratul Baƙara, amma sai likita ya ce zai iya. Da yawa cikin masu irin wannan rauni ana ɗora su kan maganin farfaɗiya mai ƙayyadadden lokaci, tsallake shi kuwa haɗari ne. Jinkirin da ciwo ya jawo babu ciyarwa a kansa ko da wani Ramadan ya riske shi.

Dakatar da gashi kuwa ban yarda da shi ba. Saurin fushi, kuka ba dalili da sakin baki sanannu ne ga wanda ya bugu a kai, musamman ta goshi, inda ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe ɗabi'a yake. Wannan bai zama hujjar aljani ba. Watannin farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin karɓar horo, gaɓar da aka bari ba motsi kuma takan sandare. A hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani. Ku tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi safe da yamma, ranar asibiti kuma ku ɗauke shi ku tafi.

Idan a cikin wannan fushi ya taɓa furta saki, kada ku yanke hukunci a gida. Ku je gaban alƙali da takardar likitansa, domin a duba ko yana cikin hayyacinsa lokacin da ya faɗa.

Wallahu a'alam.